Igiyar da Na Sa Aka Ɗaura

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ake durƙusawa har ƙasa a yi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin sauƙi da yalwa a inda kike kwance. Mutanen gida duk lafiya. Matata Rabi tana gaishe ki, yara ma haka, har da ƙaramar da ba ki taɓa ɗauka ba.

Na san ba ki yi boko ba, na kuma san inda kike ba a kai takarda. Waɗanda za su karanta wannan su ne masu bibiyar shafina, mutanen da suka saba ganin hotona da babbar riga ina buɗe rijiyar burtsatse ko ina raba taki. Su karanta, ban hana ba. Amma da ke nake magana, Adda.

Jiya na je Durun ɗauko ƙanwata Hanne da 'ya'yanta uku. Na share musu ɗakin marigayiya Iya, na sa an yi sabon daɓe, na sayi tabarmi, na ɗauki shatar mota saboda kayansu. Motar ta dawo wayam, daga ni sai direba. Hanne ta ce ba za ta zo ba, ta kuma gaya mini dalili, dalilin kuwa daga bakinki ya fito. Tun da na dawo na kasa zama wuri ɗaya. Ita kaɗai ta rage mini a ɓangarenki, ina so ta zo ta zauna a gidana kowa yana gani, amma akwai abin da ta yarda da shi a kaina wanda ba gaskiya ba ne. Bari in faro daga farko, ko da kin fi ni sanin labarin.

Baba ya rasu ina rarrafe. Da kika fita takaba kika koma wurin danginki, can bayan Kutama, aka bar ni a hannun Iya, kakata ta wajen uba, kamar yadda da ma aka tsara tunda ni ɗan fari ne. Na tashi ina ce miki Adda, kamar wata yayata. Daga baya kika yi aure a can kika haifi Hanne, ita ce ta samu damar ce miki Inna, ta hau cinyarki a gaban mutane. Na yi kishin yarinyar nan ba kaɗan ba, yau dai na faɗa.

Na ga mata masu kunyar ɗan fari a ƙasar Gwarzo, amma ban ga wadda ta kamo ƙafarki ba. Ina yaro duk ranar kasuwar garinmu sai kin biyo ta gidan Iya. Ki gaida Iya, ki gaida matan gida ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi jikin maƙwabciya, har akuyar Iya sai kin tambaya ko ta haihu. Ni ina tsaye a gindin rumbu da rigar da na saka musamman don ke, ki wuce ni kamar turmi. Sai za ki tafi ki ajiye ɗan kwanon man shanu ki ce wa Iya, "A sa wa masu ƙin tuwo." Duk gidan ni kaɗai ne mai ƙin tuwo.

Shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni kin zo kin kwana bakwai. Ba ki shiga ɗakin ba. Kina zaune a bakin ƙofa, kin ba ni baya kina tsintar wake, in Iya ta fito ki ce, "Ya mai jikin?" Wata rana da azahar kowa ya tafi gidan suna, sai na ji an dafa goshina da hannu mai sanyi, mai ƙanshin hayaƙi da nono. Na runtse ido na yi kamar ina barci, don na san in na buɗe za ki janye. Yanzu na haura arba'in, kuma wannan ce kaɗai taɓawarki da nake iya tunawa.

Da na ɗan tasa nakan zo muku hutun makaranta. Nan ma haka: abinci ta hannun Hanne yake zuwa, ruwan wanka ta hannun Hanne, ko faɗa za ki yi mini sai ki yi wa Hanne da ƙarfi yadda zan ji. Amma cinyar kaza ba ta taɓa sauka a kwanon kowa ba sai nawa, har Hanne ta riƙa ƙorafi. A wurinku na koyi sharɓar gero da ɗaure dami. Ban ga wani bambanci tsakanin gonarku da ta Iya ba, in ban da taku ta fi taki.

Ban taɓa jin Haruna a bakinki ba. In dole ta kama sai ki ce "na wajen Iya". Ko wani Harunan ne daban, sai ki ce mai sunan na wajen Iya. Sunan Baba ma ba ki faɗa, ainihin sunan Iya ma haka, tunda surukarki ce. Mutum uku kika sani ciki da bai a garinmu, ukun nan duk bakinki ba ya kama sunansu. A da abin dariya muke ɗaukarsa, matan gida su yi ta jan ki ko za ki yi suɓul da baka, ki rufe fuska da mayafi kina murmushi.

Allah Ya ba ni baki, kin sani, ko da yake ba a wurinki na gado ba. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, in ana walima ko saukar karatu ni ake miƙa wa lasifika. Da haka Alhaji Garba, shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya ƙyalla ido ya ce na dace da kansila. Ya san ko ke wace ce, tare suka yi wasan ƙasa da Baba. Ranar da ya ba ni tikitin takara ya ja ni gefe ya ce, "Malam Haruna, ka ɗan rage zuwa can wajen har a gama. Ka san halin da ake ciki." Na ce to.

Halin da ake ciki kuwa ku kuka fara ɗanɗana shi. 'Yan bindigar dazukan yamma ku suka fara shigar wa, suka kore 'yan shanun da suka rage muku, suka harbe Sale mijin Hanne a bakin garke da ya ƙi matsawa. A gari aka ce ai rigimarsu ce ta cikin gida, su suka san juna. Ku da kuke noman dawa da gyaɗa a wurin nan tun kafin a haifi Iya, ku da Fulatancinku bai wuce na kiran saniya da gaisuwa ba. Sai da aka fara tare mutanen gari a hanyar gona, aka ɗauke wasu, aka dawo da gawar wasu, sannan abin ya zama na kowa. Mutanen dajin ba a ganinsu, ba a san inda za a same su ba. Ku kuwa ana ganinku duk ranar kasuwa.

Na lura da wani abu a yawon kamfen, ban gaya wa kowa ba. In na yi maganar rijiya da taki da gyaran aji, sai mutane su gyaɗa kai suna kallon wani wuri. In na ce ba za mu bari mutanen nan su shigo mana gari ba, sai fili ya ɗauka da tafi. Ina ce wa zuciyata 'yan daji nake nufi. Na san sarai masu tafin har da ku suke haɗawa, na kuma ci gaba da faɗa, don abokin takarata yana faɗin wanda ya fi nawa zafi, kuma magoya bayansa sun fara yawo da maganar cewa uwata 'yar ruga ce. Duk lokacin da na ji an yi raɗar nan, washegari sai na ƙara wa muryata gishiri.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan an binne mutum biyu rana ɗaya. Wasu suka ce a hana duk mutanen rugage shiga kasuwa. Wasu suka ce a je a tashe su kawai kowa ya huta. Ni na miƙe, na gyara zaman hula, na kawo abin da na ɗauka hikima ce: ranar kasuwa a ɗaura igiya a bakin kwalbatin shiga gari, duk wanda ya fito daga can wajen ya faɗi cikakken sunan mutum ɗaya ɗan gari da ya san shi, a rubuta, ya wuce. Wanda ba shi da kowa ya juya. Aka yi ta sa mini albarka. Ciyaman ya ce ga irin kan da ake nema a majalisa. Na koma gida ina jin na kashe wuta, na ceci mutanenki ba tare da na ambace ki ba. Wallahi ko sau ɗaya ba ki faɗo mini a rai a matsayin wadda za a tambaya ba. A kaina ke ba baƙuwa ba ce. Na manta cewa tun rasuwar Iya sai haihuwa ko Salla ke kawo ki, kuma samarin yanzu ba su san fuskarki ba.

Sati biyu da ɗaura igiya Rabi ta haihu, mace. Ta aika miki kamar yadda ya kamata. Kowa ya san abin da kika hana ni 'ya'yana kike ba wa: ki goya wannan, ki tsokani wancan ki ce mijinki ne rago, ki ɓare musu rake da haƙori. Ana gobe suna ya faɗo ranar kasuwa, zaɓe kuma saura kwana tara.

Ina zaune a benci ƙarƙashin tsamiyar bakin kwalbati, ni da Ciyaman da wasu dattawa, mun zo a gan mu. Hotunan takarata uku ne manne a jikin tsamiyar, ina murmushi a kowanne. Hantsi ya ɗaga sai na hango ki, tun daga nesa na gane tafiyar. Ƙwarya a ka an ɗaure da ƙyalle, kaza a hammata, mayafin nan naki mai ruwan ƙasa.

Iliya ne a bakin igiya, shugaban 'yan sintiri. Ƙanensa yana cikin mutum biyun da aka binne. Ba mugu ba ne, kuma bai san ki ba. Ya ce, "Inna, ina zuwa?" Kika ce gidan haihuwa. Ya ce, "Gidan wa?" Kika yi shiru. Ya ce, "Suna kawai za ki faɗa, Inna, ki wuce abinki. Doka ce, ba ni na kafa ba."

Kika ɗago kai kika dube ni, sau ɗaya. A rayuwata ban taɓa ganin kin dube ni ido da ido a gaban mutane ba sai ranar. A daidai nan na ji hannun Ciyaman a kan gwiwata. Bai danna ba, ɗorawa kawai ya yi, yana ci gaba da hirarsa da na kusa da shi a kan tsadar masara. Hannun tsoho ne, ba nauyi. Ni mai bakin nan, wanda ake ɗauko wa mota don ya cika fili da magana, na sunkuyar da kai ina duba wayata da ba wanda ya kira.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Layi ya taru a bayanki, wani mai babur yana ta ƙorafi rana za ta yi masa. Sai na ji muryarki, a hankali, ba rawa: "Yi haƙuri ɗan nan, makuwa na yi. Ba ni da kowa a nan." Kika sauke ƙwaryar, kika miƙa wa wata mata 'yar gari tare da kazar, kika roƙe ta ta kai wa mai jegon bayan masallaci. Kika gyara mayafi kika juya. Na bi bayanki da ido ta ƙasan hula har dawa ta rufe ki.

Washegari aka yi suna, taro ya yi taro, rabin mutanen don zaɓe suka zo. Tun cikin yana ƙarami muka shirya da Rabi in mace ce sunanki za a sa. Da liman ya sunkuyo ya tambaye ni, sunan mahaifiyar Ciyaman na raɗa masa. Man shanunki aka zuba a tuwon sunan, na gane shi tun a lomar farko, kuma na cinye. Rabi ba ta ce mini komai ba sai da ta gama wankan jego. Ranar ta ce, "Malam, da ka kafa dokar nan, sunan wa ka ce Adda za ta faɗa?" Na ce ta bar maganar nan, ta bari.

Ga abin da na riƙa gaya wa kaina: kunya ce. Ko ba Ciyaman, ko ba zaɓe, ba za ki faɗi sunana ba, al'ada ce ta tare ki ba ni ba. Na rataya laifin a wuyan al'ada na samu sakewa. Amma ko a lokacin na san da sauran hanyoyi. Kina iya nuna hoton jikin tsamiya da yatsa. Kina iya cewa gidan mai takara. Kina iya ce wa Iliya ya tambayi Alhajin can da ke zaune kusa da ni. Ba ki yi ko ɗaya ba. Ni ma ba sai na kira ki uwa ba, da na ɗaga hannu na ce na san ta, da an sauke igiya.

Na ci zaɓe. Na ce da zarar an rantsar da ni zan zo da atamfa da buhun shinkafa in durƙusa. Aka rantsar, na ce sai abubuwa sun lafa. Kafin su lafa aka tare motar 'yan kasuwa aka kashe mutane, gari ya tashi. Aka sake taro, wannan karon ba mai neman hikima. Na ce a yi haƙuri a bar wa hukuma, amma sai a ƙarshe na faɗa, da muryar da ba ta kai sahu na biyu ba, mutane sun riga sun fara neman takalmansu. Da rana tsaka suka tafi a kan babura, daga garuruwa daban-daban. Daga ƙofar gidana ina hango hayaƙi. Rumbunanku ne, da dawar da kuka gama girbewa. Ba a taɓa ɗan bindiga ko ɗaya ba a ranar. Suna nan har yau, an ce ma sun samu sababbin samari daga cikin waɗanda aka ƙone wa gida.

Igiyar kuwa ba a kwance ta ba. Da aka rasa mutanen ruga da za a tare, sai aka koma tambayar mutanen ƙauyen gabas da mu, wai ana zargin suna sayar wa 'yan daji mai. Bara har wani ɗan jam'iyyar hamayya aka juya, haifaffen garin, aka ce ba a yarda da wanda ya ambata ba. Kasuwar ta rame. Layin masu nono ya zama wurin ajiye babura, gonakin yamma kuma sun koma saura don ba mai iya zuwa. Duk ranar kasuwa sai na wuce ta wurin, a sauke mini igiya tun kafin in iso, har da sara mini.

Ku kuka kwashi abin da ya tsira kuka nufi ƙasar Kabo, wurin dangin Sale a wajen Durun, aka ba ku ɗaki biyu a bayan gari. Durun ba nisa, mai babur yana zuwa ya dawo kafin azahar. Na riƙa aike, ban zo ba. Direban da nake ba saƙo ya dawo ya ce tsohuwa ta gode, ta ce a gaida mutanen gidan, a shafa kan jaririyar. Ina tsoron in zo ki yi mini irin kallon nan, ina kuma tsoron in zo ki ƙi kallona.

A damina ta biyu kika rasu, zazzaɓin kwana huɗu. Sai da aka binne ki saƙo ya iso mini. Na je ranar uku, a motar ofis, don ita ce a hannu. Ina sauka wani dattijo ya tashi ya ba ni tabarmar gaba yana cewa, "Honarabul da kansa. An gode da wannan karamci, Allah Ya ba da lada." Dangin Sale ne, ba su san ni ba. Na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta." Na yi wa baƙi gaisuwar mutuwar uwata, suka amsa, suka yi mini godiya. Ba wanda ya ce mini ya haƙuri. Da na dawo ma ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana ba, don ban sanar ba. Rabi ce kaɗai ta shigo ɗaki ta durƙusa ta yi mini gaisuwa.

Bari in ce miki Inna daga nan, yadda Hanne ke faɗa. Na daɗe ina so, yanzu kuma ba ki da halin juya mini baya.

Inna, kaɗaici ya ishe ni. Gidana ba ya rabo da mutane, masu neman taki, masu neman a sa musu hannu, masu neman a yi musu magana a sama. Kowa ya san Honarabul. Amma tun da Iya ta tafi, ke ma kika bi ta, ba na jin akwai mai rai da ya san ni tun ba ni da hula. In na zauna da mutanen gari ana zagin mutanen nan, rabin jikina ake zagi ina murmushi. In na haɗu da naku a hanya sai su kauce su ba ni wuri, suna ranka ya daɗe, idonsu a ƙasa. Ƙaramar tawa ta fara surutu, jiya-jiyan nan ta tambaye ni me ya sa ita kaɗai ba ta da kaka a ajinsu na allo. Na ce tana da ita, ta yi nisa ne.

Wa'adinmu ya kusa ƙarewa, an fara maganar tikiti. Watan jiya na samu Ciyaman na ce zan ɗauko ƙanwata da marayunta su zauna a gidana. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka yi abin da ka ga ya fi maka, amma ka sani ba zan iya tallata ka ba." Na ce na ji. Ban ji zafin da na zata zan ji ba. Ba na so in mai da shi shaiɗan a takardar nan. Shi lissafin ƙuri'a ya iya, kuma bai taɓa ɓoye mini ba. Hannun nasa ne, amma gwiwar tawa ce.

Na samu Hanne tana sussukar geron mutane a tsakar gida. Ta rame, ta fara kama da ke ta wajen wuya da tafiya. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kira yara su gaida kawunsu. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta murza bakin zane, sannan ta ce, "Yaya, ba ƙi na yi ba. Inna ce ta bar wasiyya. Ta ce ko bayan ranta kada mu je maka gida, kada mu ɓata maka abin da ka samu da wahala."

Na ce na sani, Inna fushi take da ni, kuma tana da gaskiya. Hanne ta ɗago da mamaki. Ta ce, "Fushi kuma? Ai ta ba mu labarin ranar. Ta ce tana dubanka ta ga ka yunƙura za ka tashi, har ka ture hannun mutumin nan. Ita ce ta yi sauri ta ce makuwa ta yi, don kada ka tashi ka zubar da komai saboda ita. Har ta rasu in ta ji ana tsine wa mutanen gari sai ta ce, ban da na wajen Iya, shi ya yunƙura."

Tana faɗa tana murmushi, hawaye na bin kumatunta. Ta ce da labarin nan take rarrashin 'ya'yanta in yaran unguwa sun kira su 'ya'yan ɓarayi, ta ce musu kuna da kawu a ƙasar Gwarzo da ya so ya tashi gaban kowa saboda kakarku. Na sha ruwan da ta ba ni, na shafa kan yara, na shiga mota.

Inna, ban yunƙura ba. Na sake duba ranar nan a raina sau ba adadi, ina neman ko motsi ɗaya da zan riƙe, ban samu ba. Ko yatsan ƙafata bai motsa ba. Ke ma kin sani, ke da kike gane saniya mai ciwo tun daga nesa. Kin ga hannun, kin ga kaina a sunkuye. Kika koma gida a ƙasa cikin rana, kika ƙago mini tashin da ban yi ba, kika raba wa 'yarki da jikokinki. Duk shekarun nan ina cewa kunya ce ta rufe miki baki, ashe asirina kike rufawa.

Zan iya yin shiru. In na yi shiru na ci gaba da lallashi, wata rana Hanne za ta zo, ta shigo gidan mutumin da kika ba ta labari, ni kuma in zauna ina cin wannan girma har in mutu. Na auna haka tun daga Durun har ƙofar gida, na ga ba zan iya haɗa ido da yaran nan kullum ba. Akwai masu waya a Durun, kafin jibi wani zai karanta mata wannan. Za ta san kawun da take ba su labari ba a taɓa yinsa ba. Watakila ta ƙi ni har abada, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba.

Mutanen garinmu ma za su karanta. Wanda bai sani ba ya sani: tsohuwar da aka juya a bakin kwalbati ana gobe sunan 'yata, uwata ce. 'Yar ruga ce, rumbunta na cikin waɗanda aka ƙone, kuma ni na sa aka ɗaura igiyar. Wasiyyarki ta ce kada a ɓata mini abin da na samu. Ga shi na ɓata da hannuna, babu sauran abin da Hanne za ta tsare mini. In ta zo yanzu, wurin ɗan'uwanta na gaske za ta zo, wanda ya zauna. In ba ta zo ba, zan ci gaba da jira.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa ki da Baba da Iya da Sale cikin rahamarSa. Ya jiƙan ƙanen Iliya da duk waɗanda aka kashe a hanyar gona, Ya mayar wa waɗanda aka ƙone wa rumbu da alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ya sanyaya zuciyar Hanne ranar da za a karanta mata.

Ki yafe mini na ƙaryata ki a bainar jama'a. A iya sanina sau biyu kika taɓa faɗin abin da ba haka ba, ɗaya ga Iliya, ɗaya ga Hanne, duka kuma don ni kika faɗa. Ina roƙon Allah kada Ya rubuta miki su, Ya rubuta a kaina.

Ni ne ɗanki na fari,
Haruna.